Idan Aure Ya Mutu, Yaran Fa?



A zaman sulhun da muke yi a masallaci, iyaye kan yi ta cacar baki, yaro na raɓe a bakin ƙofa yana jin komai. Wani uban ya ƙwace ɗan shekara 5, ya sa shi a motar Kano a kai wa kakarsa, don kawai ya ƙuntata wa uwar. Wata uwar kuma kullum zagin uban take a kunnen ɗan.

Malaman Islamiyyarmu suna ganin abin da ke biyo baya. Yaro ya koma fitsarin kwance, ya daina magana, da an ɗaga murya sai ya firgita. Wani ma yana zaton shi ya jawo rabuwar. Mu kuma, Allah Ya yafe mana, sai mu ce taurin kai ne, mu ƙara masa bulala.

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. A mazhabar Malikiyya, riƙon ƙaramin yaro haƙƙin uwa ne matuƙar ba ta sake aure ba, ciyarwa kuma tana wuyan uba, ko yana Legas ko ya koma gida.

Mai irin wannan matsala ya samu Liman bayan La'asar, amma don Allah a bar yaran a gida.