Tafiyar Ba-Zata: Amana Ce Ko Ganganci?

Jama'a, wata tambaya na zo da ita, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu su taya ni dubawa. In amininka ya buga maka ƙofa da asuba ya ce ka taso ku yi doguwar tafiya, bai faɗa maka dalili ba, kai kuwa ka bi shi, halin kirki ka nuna ko wauta ka tafka?

Abin ya faru a kaina ne. Cikin watan Disamba na 2018, hunturu ya kankama a Kano, sai ga wani abokina, wanda ba zan kama sunansa ba, ya zo da tsohuwar motar wansa. Ya ce, "Malam, ɗauko rigar sanyinka, Agadas za mu." Na dubi idanunsa na ga sun kaɗa sun yi ja, sai na haɗiye tambayar da ke bakina, na shiga mota. Muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka ratsa Matamaye har Damagaram. Tafiyar duka wajen kilomita 700 ce, mafi tsawonta kuwa tana gaba da Damagaram. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta rufe sararin sama, rana ta koma kamar faifan da aka rataye. A shingaye ana ta tambayarmu ko Libiya muka nufa, domin a lokacin dokar Nijar ta 2015 game da safarar baƙin haure tana aiki, ba a soke ta ba sai a 2023.

Bayan mun wuce Tanut, da almuru, fanbel ya tsinke. Nan muka kwana a gefen hanya, sanyi yana ratsa ƙashi, ba bargo, ba ruwan kirki. A wannan dare ne, muna jin ɗumin wutar da waɗansu bayin Allah Abzinawa suka hura suna dafa shayi, abokina ya buɗe baki. Yarinyar da ya yi shekara huɗu yana nema an ba wani, kuma a ranar da muka baro Kano ake ɗaurin auren.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, a lacca tasa da aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su. A cikinsu akwai amana, akwai kuma hankali. Mun saba karanta su a jere kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, amma a ƙofar ɗakina ran nan faɗa suka yi. Amana ta ce bi shi, kada ka tsare mai baƙin ciki da tambaya. Hankali ya ce tsohuwar mota, baƙuwar hanya, hazo, da direban da zuciyarsa ba ta tare da shi, wannan ai neman mutuwa ne.

Waɗanda na ba labarin sun rabu biyu. Masu yabona suka ce ai ga shi kun je kun dawo lafiya, har kun ga hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa a 1515. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba ko kaɗan. Dawowarmu lafiya ba aikina ba ne. Da motar ta ƙwace a cikin hazon nan, bakunan da suka kira ni aboki na gari su ne za su kira ni sakarai, alhali kuwa abin da na zaɓa da asubar nan bai sāke ba. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a kan wannan a 1976, watau yadda sa'a ke shiga cikin hukuncin da muke yanke wa halin mutum. In za a yi mini shari'a, sai a yi ta a kan abin da na sani lokacin da na buɗe ƙofar mota.

Masu zargina kuma suka ce da na tsaya na lallashe shi ya haƙura. Suna da gaskiya ta wani gefe. Amma na san mutumina. Makullin mota yana hannunsa, tafiya kuwa ya riga ya ƙudura. Zaɓin da ke gabana shi ne ya tafi da ni ko ya tafi shi kaɗai. A kan wannan ban yi nadama ba, kuma ko gobe zan shiga motar.

Laifina yana wani wuri dabam, kuma na daɗe ban gan shi ba, don daɗin labarin ya rufe mini ido. Ban gaya wa mahaifiyata ba. Muna ƙetare iyaka wayata ta daina aiki, na ce a raina gobe na nemi layi, goben ta zama jibi. Kwana uku tsohuwa ba ta runtsa ba, ƙanena ya zaga asibitoci yana duba waɗanda aka kwantar. Ni na zaɓi sanyin da na sha, ita ba wanda ya shawarce ta kafin a ɗora mata nata kason. Mu matasa mukan yi alfahari da cewa ranmu ne muka sa a kasada, kamar ran nan namu ne mu kaɗai. Ashe na biya bashin abota ne da kuɗin wata.

Wani malami ya ce mini ai tawakkali muka yi. Na tuna masa da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da aka umurta ya ɗaure taguwarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Ɗaurin taguwata bai fi minti biyar ba: in leƙa ɗaki in yi sallama, in ɗauki bargo da jarkar ruwa, in ce da abokina ni zan tuƙa, kuma ba za mu yi tafiyar dare ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage amanar da na riƙe masa. Gaggawar da na ɗauka sharaɗin abota ce, rabinta son labari ne kawai.

Da muka dawo na durƙusa gaban tsohuwa, na zayyana mata kome. Ta yi shiru, can ta ce, "Shi yaron, ya samu sauƙi?" Na ce, "Ya samu, Inna." Ta ce, "Madalla." Sa'an nan ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata ba.