In Azzalumi Ya Mutu, Zalunci Ya Ƙare?

Jama'a, mun saba a tatsuniyoyinmu da finafinan Kano a ƙare da mugu ya kunyata, mai gaskiya ya yi dariya. Wannan ne ya sa nake so mu dubi wani wasan Italiya da ya saɓa wa al'adar nan. Irinsa suke kira opera, watau wasan kwaikwayon da duk zancensa waƙa ce.

Sunansa Toska, Puccini ne ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a birnin Rum a 1900. A 1992 aka ɗauke shi a fim a ainihin wuraren da labarin ya ambata, Placido Domingo ya fito a matsayin Kabaradosi mai zane. Sikarfiya, shugaban 'yan sanda, ya kama Kabaradosi don ya ɓoye wani fursunan siyasa. Sai ya ce wa masoyiyarsa Toska in ta ba shi kanta, za a yi harbin ƙarya ne kawai, su gudu. Ta nuna ta yarda, amma da ya matso sai ta soke shi da wuƙa. Da asuba aka yi harbi, ashe harsashin na gaske ne. Ganin masu kamu sun iso, Toska ta faɗo daga saman kurkuku tana cewa ita da Sikarfiya sai a gaban Allah.

Abokan karatuna da muka kalla tare a nan Dutse sun ce wasan ba shi da darasi, tunda mugu da nagari duk sun halaka. Ni ban yarda ba. Ku lura, lokacin da aka harbe Kabaradosi, Sikarfiya gawa ne. To, wa ya kashe shi? Umurni ne, da sojojin da suka cika shi ba tare da tambaya ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni kuwa na ce mugun sarki ma, in babu mai cika aikinsa, muguntarsa a bakinsa za ta tsaya. Wuƙar Toska ta kawar da mutum ɗaya, ta bar masu biyayya.

Ba na yabon faɗowarta, domin kashe kai haramun ne a wurinmu, kuma ba ya maido da rai. Amma kalmarta ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce “Allah ya isa” da talaka ke yi in ya rasa mai bi masa hakki.

Alhasali, yawancinmu ba za mu zama Sikarfiya ba. Amma gobe wasunmu za su zama akawu, alƙalai ko 'yan sanda, a miƙo musu takarda su sa hannu. Ran nan, ɗan'uwa, karanta kafin ka sa. Allah ya kiyashe mu zama hannun azzalumi, amin.