Albashi Kaɗai Ba Ya Riƙe Yaro

Jama'ar Sabo, akwai kukan da kunne ya saba ji a bakin iyayen gida, daga masu canji a bakin titi har 'yan hatsi a Bodija da 'yan kara a Akinyele: wai yaran yanzu ba sa zama. Ka ɗauko yaro daga gida, ka ci da shi, ka biya shi, wata shida ya gudu ya kama acaɓa. To tambaya a nan ita ce, in ka biya mutum kuɗinsa, shi ke nan ka sauke nauyinsa?

A ganina da sauran magana. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Doka tana iya yanka kuɗi, amma yadda za a yi wa mutum magana a wurin aiki, wannan yana hannun maigida. Yaron da ake zagin uwarsa gaban mai saye, ko a kira shi ɓarawo tun ba a gama lissafi ba, ko nawa ka ba shi zuciyarsa tana waje.

Anas ɗan Malik ya yi shekara 10 yana yi wa Manzon Allah (SAW) hidima, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ko sau ɗaya bai taɓa ƙosawa da shi ba. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzo ya tsawata masa, ya nuna masa cewa na ƙasa da kai ɗan'uwanka ne: ya ci irin cinka, ya sa irin suturarka, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Wani zai ce, "Malam, in ka sake wa yaro fuska ai sai ya cinye jari." Gaskiya ne akwai maciya amana, kuma faɗa yana da wurinsa. Sai dai a ja shi gefe a yi masa. Kuma mu duba, yaron da kullum yake ganin ana tauye mudu, a ina ya koyi ha'inci?

Abu na biyu shi ne sanin makoma. Iyayenmu 'yan goro da dillalan shanu sukan aurar da yaransu, su ba su jari. Maƙwabtanmu Ibo har gobe suna sallamar yaro da jari bayan shekarun da aka yi alkawari. Wanda ya san akwai ranar da zai buɗe nasa shagon, zai tsare naka kamar nasa.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka ce yaro ya butulce, tambayi kanka: yana samun lokacin salla da na abinci? In ya kwanta ciwo wa ke kai shi asibiti? Ka taɓa gaya masa yaushe za ka sallame shi? Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, amin.