Kiran Salla Da Haƙƙin Kunnen Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci ji da gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, masana sun bayyana cewa sauti girgiza ce. Idan ladan ya ɗaga murya, tantanin maƙogwaronsa ne ke kaɗawa, ya tura iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta tura ta gabanta, har motsin ya isa dodon kunne. Misalinsa kamar a jefa tsakuwa a kududdufi: ruwan yana nan inda yake, zobban motsi ne ke yaɗuwa zuwa gaɓa. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa 1, haske kuwa kilomita 300,000. Shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa.

A farkon zama a Madina, Abdullahi ɗan Zaidu ne aka nuna wa kalmomin kiran salla cikin mafarki, amma Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce shi ya koya wa Bilalu, domin muryarsa ta fi kaiwa nesa. Don haka ne ma ladanai suka riƙa hawa bisa, a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya gina Masallacin Juma'a, saboda katanga tana tare amo. Da lasifika ta zo sai ta ɗauke musu wannan wahala, kuma alheri ce babba.

Sai dai girgiza ba ta zaɓen kunne. A cikin birni, kamar Yakasai da Mandawari da Madabo, gida yana jingine da gida, masallaci yana kallon masallaci, ƙunƙuntar lungu kuma tana mayar da amsa-kuwwa. Da dare da asuba iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ta lanƙwaso sautin ƙasa, ya yi nisa fiye da na rana. Wanda ya ƙure lasifika da tsakar dare yana wa'azi ko karatu, muryarsa tana faɗawa ɗakin majinyaci da na mai jego, tana kuma rikita mai nafila.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yana i'itikafi ya ji mutane suna bayyana karatu, sai ya hana sashensu ya ɗaga murya a kan sashe, domin kowa ganawa yake yi da Ubangijinsa. Idan karatun Alƙur'ani ne aka yi wa wannan iyaka, ina ga waninsa?

Saboda haka ya kamata limamai da masu kula da masallatai su bar lasifikar waje ga kiran salla, karatu da wa'azin dare kuwa a tsayar da su ga waɗanda suke zaune a ciki.

Allah Ya sa a gyara, Ya ba da ladan haƙuri. Amin.