Haƙƙin Tsohuwar Mage A Kan Mai Ita

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani dattijo daga Darki, ta ƙasar Wudil, wadda na san wasu za su yi mata dariya tun ba su kai ƙarshenta ba. Yana da mage, shekararta 13 a gidansa tana tsare masa rumbu daga ɓera. Bara ta soma rama alhali kuwa tana ci, ga yawan shan ruwa da fitsari. Ya kai ta wurin likitan dabbobi a Kano, aka ce ciwon sukari ne, aka ɗora ta a kan allurar insulin safe da yamma. Yanzu kuma haƙoranta sun ruɓe, baki na wari, miyau na dalala, ta daina tauna, likita ya ce sai an sa ta barci an cire su. Abokan zamansa na ƙofar masallaci suka ce wannan almubazzaranci ne, wani ma ya ba shi shawarar ya sa ta a buhu ya kai ta bayan kasuwa ya saki. Shi ne yake tambaya, mene ne hukuncin shari'a, kuma in ta mutu a hannun likita ko yana da alhakinta?

To, Malam, Allah Ya saka maka da alheri da ka yi tambaya kafin ka ɗauki buhu. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar yadda muke al'umma. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda mage: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abinta ba, har ta mutu. A lura da kyau, ba a ce matar ta doke ta ba. Ƙyaliya ce kurum ta kai ta ga halaka. Wanda ya ɗauki tsohuwar mage marar haƙori, wadda ba ta iya kama ko ƙadangare, ya yar a bayan gari, ya bar ta ga yunwa da karnuka da duwatsun yara, ina ganin bai yi nisa da wannan mata ba, don sakin da ba ya tare da iya neman abinci ɗan'uwan kulle ne.

Mage kuma ba bare ba ce a gidan Musulmi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallo tana mamaki, ya gaya mata Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Abu Huraira ma, wanda ya fi kowa ruwaito hadisi, wata 'yar mage da yake yawo da ita ce ta ja masa wannan alkunya. Amma labarin nan da ake yaɗawa, wai Manzon Allah ya yanke hannun rigarsa don kada ya ta da magensa daga barci, ba shi da asali a littattafan hadisi, kuma masu wa'azi su daina jingina masa shi. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Malaman fiƙihu ba su bar maganar a kan tausayi kawai ba, sun mai da ita hukunci. Shehu Halilu a Muhtasar ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta shi ya sayar. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 660 ta Hijira, watau 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, na farkonsu kuwa shi ne a ci gaba da ɗaukar nauyinsu ko da sun tsufa ko sun yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da su. Sai ka ce wasiƙar Darki yake amsawa. Shekara 13 tana hana ɓera taɓa dawarka da geronka, ba ta taɓa neman lada ba, ai bai kamata ranar da ƙarfi ya ƙare a ce ba a san ta ba.

Duk da haka, abokan Malam ba su rasa gaskiya ɗungum ba. A Darki da Wudil da Kano akwai mutane masu wannan ciwo na sukari da suke tsallake allura don babu kuɗin saye. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ciyarwa tana farawa da kai, sannan iyali, sannan dangi, sannan sauran jama'a. Saboda haka in kuɗin aikin nan zai taɓa cefanen gida, ko kuɗin makarantar yara, ko bashin da ya kai lokacin biya, ko maganin wani ɗan'uwa, to, ba a yarda ba. In kuwa rara ce, ba almubazzaranci a ciki, sadaka ce, domin an tabbatar mana akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Abin da nake ƙi shi ne mutumin da zai tuna da talakawa ranar da ya ga an kai mage asibiti, ya manta da su ranar da ake liƙi a gidan biki.

Game da aikin kansa, addini ya ce a nemi magani, ya kuma ce a neme shi wurin masu sani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga aikin likita ba da ilmi ba, in ya yi ɓarna ramuwa tana kansa. Kada wani ya ce zai danne ta ya fizge haƙoran da awartaki irin na wanzamai. Wannan azaba ce, kuma saiwar haƙorin mage siririya ce, karyewa take yi ta bar guntu a cikin dasashi yana mugunya. Kada kuma a ɗauka mai sayar da allurar shanu a bakin karar Wudil ranar Juma'a ya san awon allurar barcin dabbar da ba ta wuce kilo 4 ba.

Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa ruɓaɓɓen haƙori yana hana insulin aiki yadda ya kamata, don haka cire shi yakan taimaka wa sukarin ya daidaita. Babbar mage haƙora 30 gare ta, kuma ko an cire mafi yawansu tana cin abinci lafiya bayan dasashi ya warke. Tsufa shi kaɗai ba ya hana aiki. Abin dubawa shi ne ƙoda da zuciya da hanta, shi ya sa likita zai ɗebi jini da fitsari tukuna. Mage dabba ce da tsoro ke ɗaga mata sukari nan take, saboda haka awon da aka yi bayan an sha rana a mota daga Darki zuwa Kano yana iya ruɗarwa. Akwai wani awo da ke nuna yadda sukarin ya kasance a makonni biyu da suka wuce, a tambayi likita shi.

Babban haɗari yana ga daren aiki da safiyarsa. Za a ce a hana ta abinci don kada ta yi amai cikin barci ya shige mata huhu. To, in aka yi mata cikakkiyar allurar insulin ba ta ci komai ba, sukari zai faɗi, ta yi laushi, jiki ya kama rawa, ta suma, har ta mutu. In aka bar allurar gaba ɗaya kuma sukari ya hau. Likitoci da yawa rabin awo suke sawa a yi a wannan safiya, amma kada Malam ya yanke da kansa, ya sa a rubuta masa ƙarfe nawa za a ɗauke abinci, awo nawa za a yi. Ya roƙa a sa ta farkon layi da sassafe don yunwar ta taƙaita. Ya sammako, ya ɗauko ta a kwando ko kwali mai huji da tsumma a ciki, ban da buhu, ban da bayan mota inda ake zuba kaya. Ya riƙo zuma 'yar kaɗan, in ya ga ta langwaɓe a hanya ya shafa mata a dasashi, kada ya ɗura mata. Insulin kuwa ba ya son zafi. Inda wuta ba ta zama, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana rage masa zafi, dabarar da Muhammadu Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Bayan an dawo gida a ajiye ta wuri mai ɗumi, a ba ta abinci mai laushi, kifi marar ƙaya ko dafaffen nama da aka daka, ba tuwo da koko ba, don hatsi yana ɗaga sukari. In ta kwana ɗaya ba ta ci ba a sanar da likita kafin a sake yi mata allura. Ina kuma jan kunnen matan gida musamman: kada tausayi ya sa a ba ta farasitamol. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Sau da yawa ba mugunta ke kashe dabbobin gida ba, jahilcin mai ƙauna ne.

Saura batun alhaki. In Malam ya kai ta wurin masani, ya bi abin da aka ce, ta mutu a cikin barcin, ajali ne ya zo, ba shi da laifi, likitan ma ba shi da shi muddin bai yi sakaci ba. In kuwa awo ya nuna ƙoda ta riga ta lalace, likita ya ce aikin ba zai yiwu ba kuma ciwon ba zai sauƙaƙa ba, malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da ba a ci idan an ɗebe tsammani daga gare ta, Halilu ya ambaci haka a babin yanka. A yau likita yana yin wannan da allura, ba tare da ta ji zafi ba. Sai a haƙa rami a binne ta, kada a jefa gawar a kwata ko a bola inda yara ke wasa.

Allah ne Mafi sani.