Guguwar cikin agogo

A shekarar 1801, Abraham-Louis Breguet, maƙerin agogo haifaffen ƙasar Suwis da ke zaune a birnin Paris, ya sami takardar mallakar wata fasaha da ya kira "tourbillon", wato guguwa. Agogon zinariya a tsaye yake yini cikin aljihun mai shi, ƙasa kuwa tana janyo ƙafar da ke kaɗawa a cikinsa gefe guda, har ya yi gaggawa ko ya makara. Breguet ya san ba shi da ikon hana ƙasa ja. Sai ya sanya wannan ƙafa, tare da sashen da ke sakin ƙarfin agogon kaɗan-kaɗan, cikin ɗan keji mai juyawa sau ɗaya a minti. Makarar da aka yi ta wannan fuska, gaggawar waccan ta biya ta.

Ɗan Adam ma yana da abin da ke janyo shi: son dangi, tsoron manya, tsohuwar gaba. Alƙali ko malami mai gyaran takardun jarrabawa da ya rantse ba ya karkata, shi ya fi haɗari, domin bai san gefen da yake rinjaya ba.

Sai dai a nan mutum ya rabu da agogo. In an zalunci marayan yau, sassaucin da za a yi wa wani gobe ba ya share masa hawaye. Saboda haka tilas mai hukunci ya gama juyawarsa, ya dubi magana ta kowace fuska, tun bai buɗe baki ba.