Wane Ne Ubangida, Wane Ne Bara?

Akwai wata tambaya wadda ya kamata kowane mai hankali ya yi wa kansa a wannan zamani, ita ce: tsakanin mutum da wayar da ke cikin aljihunsa, wane ne ubangida, wane ne bara?

Cikin shekarar 2001 aka soma amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. Kafin wannan lokaci, yawancin mutane in suna so su gai da ɗan'uwa a Ikko, sai dai su rubuta wasiƙa, ko su ba direban mota sallahu, su zauna jiran amsa. An ƙago Facebook a Amurka cikin 2004, WhatsApp kuwa cikin 2009. Yau ga shi mai hatsi a kasuwar Dawanau yana yin ciniki da mutumin Maradi, ya karɓi kuɗinsa, bai ko tashi daga tabarmarsa ba. Lalle wanda ya ce wannan ba alheri ba ne ya yi butulci.

Amma fa ba a sanin yadda abu ya kama mutum sai ran da aka raba su. Cikin Satumba 1921 babu wanda zai damu da wannan magana, amma cikin Satumba 2021, da hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciniki ya tsaya wa mutane da yawa, wanda ke son jin lafiyar danginsa kuwa sai ya yi tafiya mai nisa neman layi. Ran 4 ga Oktoba na wannan shekara kuma, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka har wajen awa shida.

To, a nan ya kamata mu bambance abu biyu, watau bukata da sabo. Fatake da masu jinya da suka rasa waya, bukata ce ta dame su, ba kuwa abin zargi ba ne. Amma wanda ya yi ta zaro waya yana dubawa, alhali ba ya jiran saƙon kowa, wannan sabo ne ya ɗaure shi. Sabo kuwa turken wawa ne.

Kada mai karatu ya zaci wannan sabo haka kawai ya zo. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan kamfanoni ba su karɓar ko kwabo daga galibin masu shiga, domin da kuɗin talla su ke rayuwa. Gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon tallar da za a nuna masa. Saboda haka aka shirya abin yadda ba ya da ƙarshe, in ka gama wannan hoto wani ya biyo, in ka ajiye wayar ta yi ƙara ta kira ka. Watau lokacinka shi ne hajar da a ke sayarwa. Shi kuwa lokaci, ba a taɓa mayar wa kowa da ko daƙiƙa ɗaya ba.

Wani zai ce, ai zumunci na ke yi da ita. Gaskiya ne, in ɗan'uwan yana Makka ko Kumasi. Amma wanda mahaifiyarsa ke kwance a unguwa ta gaba, ya aika mata da gaisuwa ta waya ya ce ya sauke nauyi, ya manta zumunta a ƙafa ta ke. Haka kuma wanda aka turo wa labari, ya tura wa mutum ɗari bai bincika ba, in ƙarya ce ya shiga cikin alhakin, ko da ya ke ba shi ya ƙaga ta ba. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

Ba mu ce a jefar da waya ba, gama ba a ƙin wuta don tana ƙona gida. Abin da mu ke cewa shi ne mutum ya gwada kansa. Ya ajiye ta lokacin salla, da lokacin cin abinci da iyali, da sa'ad da babba ke yi masa magana. In ya iya, hankalinsa kwance, to, shi ne ubangida. In kuwa ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, ya san bara ya ke yi wa abin da ya saya da kuɗinsa, sai ya tashi tun da wuri ya nemi 'yancinsa.